Kafin a Ce An Sallama

Ranar Laraba muka sauka, ni da Baba Nomau,
kudu da Birnin Kudu, inda kwalta ta ƙare
ta bar mu da ɗan acaɓa da jan birji.
Garatutin shekara talatin da ɗaya yana ta ƙaiƙayina.
Haya a Kurna ta ishe ni,
ga ruwan bara da ya shigo ɗaki ba sallama
ya jiƙa katifa da takardun makarantar yara.

Ilu dillali bakinsa zuma.
"Kadada biyu, Alhaji, fadama ce zalla.
Ko yawu ka tofa, shinkafa za ta fito."
Ƙasar baƙa wuluk.
Na dumbuza, sanyinta ya ratsa ni har ƙirji.
Da ni kaɗai ne, da tuni an tafa.

Baba bai dubi ƙasa ba, sama ya duba.
A reshen kanya, sama da hularsa,
ga karmami da tsumman leda sun maƙale.
"Ilu, wa ya hau ya yi shanya a nan?"
Ilu ya sosa ƙeya, ya ce iska ce.
"Iska mai laka," in ji Baba,
yana kankare ɓawon da farce.

Muka je rijiya. Ya zura guga yana ƙirge:
gaba tara.
Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye. Babu zartsi.
"Da bazara fa?"
Wata mai tulu ta ce sai a yi sammako,
in rana ta ɗaga, laka ake kwasa.
Ya ce in rubuta. Na rubuta.

Kwalbati guda ce tsakanin garin da asibiti,
ita ma gefenta ya fara zaizayewa.
In hawan jinin Gwamma ya tashi tsakar dare,
cikin marka,
ta ina?
Sabis kuwa sai an hau dutse
an ɗaga waya kamar mai roƙon ruwa.
Amma burtali yana nan, ba wanda ya nome shi.
Baba ya ce wannan ma in rubuta:
garin da ya bar wa shanu hanya
ba ya yawan tsugunno gaban alƙali.

Sai ya ce, "Ina maƙabartarku?"
Kunya ta kama ni. Mun zo neman wurin zama ne.
Aka nuna tudu, tsakuwa da sabara.
Ya hau a hankali, yana dafa gwiwa.
"Mutanen da ba su san taswira ba,
amma ba sa kwantar da iyayensu
inda ruwa yake kwana."

A gangarowa muka iske Inna Tabawa tana sheƙar gero.
"Shekarar da ruwa ya ci gari, ina kuka fake?"
"Firamare. Kwana goma sha ɗaya."
"Me kuka ci?"
"Gidan Barau suka fasa rumbu.
Ba a auna ba, ba a rubuta ba."
Ta koma kan faifanta.
Wannan karon bai ce in rubuta ba.

Filin tudun muka taya, maƙwabcin kaburbura.
Ƙuduji ya riga ni zama a cikinsa,
sai ya ci taki damina uku kafin ya san ni.
Ilu ya karɓi la'ada fuska a murtuke.

Da dare na kira Gwamma.
"Kusa da maƙabarta?"
Na ce ai an rage wa masu ɗauka tafiya.
Shiru ya yi tsawo, har na duba ko katin ya ƙare.
Ta ce, "A ɗora rumbu a kan duwatsu.
A dasa mini zogale kafin in zo."

Na wanke hannu sau biyu.
Baƙar ƙasar nan ta fadama
har yanzu tana ƙarƙashin farcena,
kuma ba zan ce ba na son ta ba.